Gwarzon da Ba Shi da Makaɗi: Shuhurar Petr Cech a Haɗejiya

A al'adar Bahaushe, suna ba ya tafiya da ƙafarsa, sai ya sami mai ɗaukarsa. Shago ya yi dambe ya gama, amma bakin Ɗan Anace ya hana a manta da shi. Haka kuma a Haɗejiya, Sarki Buhari da Sarki Muhammadu wanda ya rasu a yaƙin Turawa na 1906 suna nan a bakin jama'a, domin kirari da labari sun riƙe su. Abin tambaya shi ne: wa ya ɗauko sunan Petr Cech, mutumin Jamhuriyar Cek, har ya sauke shi a bakin samarin da ke noman rani a fadamar kogin Haɗejiya?

An haifi Cech a garin Plzen a 1982. Ya koma ƙungiyar Chelsea ta Ingila a 2004 a matsayin mai tsaron raga. A watan Oktoba na 2006, a wasa da Reading, ya samu karaya a ƙoƙon kai, aka yi masa tiyata. Da ya warke sai ya dawo fili sanye da hular kariya, bai kuma rabu da ita ba har ya yi ritaya a Arsenal a 2019. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Munich a 2012, ya tare bugun fenaretin Arjen Robben, Chelsea kuma ta ɗauki kofin. Ya buga wasa 202 a Gasar Firimiya ba tare da an zura masa ƙwallo ba.

Alƙaluma kaɗai ba sa kai suna karkara. Gidan kallon ƙwallo ne ya yi aikin maroƙi. Kasancewar John Mikel Obi, haifaffen Jos, a Chelsea tun 2006 ya ƙara jawo samari zuwa ga ƙungiyar, suka kuma tarar da Cech a bakin raga. Hular tasa ta sa ko yaro yana gane shi daga bencin baya. Ta kuma dace da wani ma'auni na Bahaushe, wanda ke girmama ɗan damben da ya sha ƙasa ya sake dawowa fage. A ƙarƙashin rufin kwano, cikin ƙarar janareta, magoya baya kan wasa gwaninsu, abokan hamayya su mayar da zambo da habaici, yara kuma su ari sunan su raɗa wa mai tsaron gidan unguwarsu.

Sai dai wannan yabo ba a faifai yake ba. Da Cech ya ajiye safar hannu ya koma wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ba shi da 'yan kallo a Haɗejiya, sai ambatonsa ya fara ja da baya kamar ruwan fadama bayan kaka. Yaron da aka haifa a 2012 ya tashi da wasu gwanaye.

Nan ne hasarar take ga manazarta Hausa. Laƙabi da ba'a da karin maganar da aka ƙirƙira a gidajen kallo cikin shekara goma sha biyar adabin baka ne, ko da kuwa gwarzon baƙo ne. Masu su suna nan da ransu a Haɗejiya da Auyo da Kirikasamma, kuma abin da ba a naɗa daga bakinsu yanzu ba, da wuya a same shi nan da shekara ashirin.