Uba, Ɗa da Ruhu: Aikinsu Ɗaya Ne

'Ya'yana, akwai maganar da nake yawan ji a bakinku bayan sujada, kuma ba ta kwanta mini ba. Wani ya ce Uba mai zafin rai ne, Yesu ne ya shiga tsakani ya lallashe shi. Wata kuwa ba ta tunawa da Ruhu Mai Tsarki sai ranar taron farkawa, in kiɗa ya yi daɗi. Da haka kuke raba Allah gida uku, ba ku sani ba.

Ikilisiya ta sha wuya a kan wannan batu. Wani malami a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya koyar cewa Ɗan halittacce ne, wai akwai lokacin da babu shi. Rikici ya yi tsanani har sarki Konstantin ya tara shugabannin ikilisiya a Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a shekarar 325. Suka tsaya a kan cewa zatin Ɗa da na Uba ɗaya ne. Atanasiyus, wanda ya je taron yana matashin dikon, sau biyar ana korarsa daga kujerar bishop saboda ya ƙi sassauta wannan magana. A 381, taron Konstantinoful ya tabbatar cewa Ruhu ma ana yi masa sujada tare da Uba da Ɗa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, nufinsu ɗaya, aikinsu ɗaya. Wani malamin ikilisiya, Giregori na Nisa, ya bayyana cewa kowane aikin Allah daga Uba yake tasowa, ta wurin Ɗa yake bi, cikin Ruhu yake cika. Uba ne ya aiko Ɗan don ƙauna, Ɗan ya nufi gicciye da yardar ransa, Ruhu ke kawo ceton nan cikin zuciyar mutum. To, ina mai zafin ran da aka lallasa? A Kogin Urdun ma, ranar baftismar Yesu, Ɗa na cikin ruwa, Ruhu ya sauko, Uba ya yi magana.

Malaman makarantar Lahadi, na san kuna son misalin duwatsun murhu uku da tukunya ɗaya. Yara suna kama shi da wuri, amma gurgu ne. Kowane dutse sulusin murhu ne, alhali Uba cikakken Allah ne, haka Ɗa, haka Ruhu, kuma Allah ɗaya ne tak.

Wannan koyarwa tana shiga har cikin kwamitinmu. Na ga shekarar da zumuntar mata ta sayi kwanon rufin majami'a, matasa suka kawo katako, sai aiki ya tsaya cik don gardamar sunan wa za a fara kira a sanarwa. Damina ta same mu a haka, kwano jingine a bango, muna ɗaga benci muna guje wa yoyo. Dukansu kuwa an yi musu baftisma cikin suna ɗaya. A Yohanna sura 17, ɗayantakarsa da Uba ce Yesu ya sa ta zama ma'aunin zaman masu binsa.

Kafin taron matasa na gaba, ku karanta Yohanna daga sura 14 zuwa 17, ku lura da yadda Ɗa ke ɗaukaka Uba, Ruhu kuma ke ɗaukaka Ɗa. Wanda wani wuri ya shige masa duhu, ya zo gida mu duba tare.