Ranar da na nema wa kare iso

Shekara ashirin da shida ke nan ina zaune a Malanville ina harkar albasa. A tsawon wannan zama na nema wa mutane abubuwa iri-iri: masauki, mota, rangwamen duwan, har mata na taɓa nema wa wani yarona. Amma ban taɓa zaton zan tsufa ina nema wa kare izinin shiga wurin cin abinci ba, sai da rufe gada ya kai ni.

Duk wanda ke bin wannan hanya ya san abin da ya same mu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, aka toshe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe ba. Albasar Galmi da a da mota ke sauke mana ita a bakin shago, sai ta koma ketare kogin Kwara a kwalekwale, buhu-buhu, kowane hannu da ya taɓa ta sai an biya shi. Albasa kuwa ba goro ba ce da za ka yayyafa wa ruwa ka rufe. In ta ji danshi ta sha zafi, kwana kaɗan sai ka ji warin asararka tun daga ƙofa. A lokacin da nake ba ku labari ina da kaya jibge a shago, rabinsu kuɗin mutane ne, kuma matan Kwatano da na saba sayar wa sun ja baya saboda tsada.

Sai wani dillali ya haɗa ni da wani mutumin kudu mai ba matan kasuwar Dantokpa kaya a sari. Ya ce zai zo da kansa ya gani. Daga Kwatano zuwa nan ya fi kilomita 700, don haka da na ji ya taso na san da gaske yake. Ya iso da matarsa a wata doguwar mota, suka tsaya bakin shago. Ina miƙa masa hannu sai ga wani ɗan kare fari, gashi buzu-buzu, ya leƙo daga cinyar matar yana kallona. Yarana suka dubi juna. Na yi kamar ban gani ba.

Ya duba kaya, ya yaba, amma bai yanke magana ba. Ya ce hayaniyar kasuwa ta ishe shi, in akwai wuri mai shiru a bayan gari mu je mu ci abinci mu ƙarasa a can. Na san wurin. In ka fita gari ta hanyar Guéné ka saki kwalta, akwai wata tsohuwa Badendiya da ta kafa rumfunan zana a ƙarƙashin itatuwa, ba allo ba suna. Direbobi da 'yan kasuwa ne suka san ta. Zabi take gasawa, da kifin da masunta ke kawo mata da safe, ga shinkafar fadamar nan tamu, ga tuwon masara da miyar kuɓewa. Da rana ake zuwa a dawo kafin la'asar sakaliya, domin tun harin da aka kai wa masu gadin gandun dajin W a Fabrairun 2022 babu mai hankalin da ke bari dare ya yi masa a jejin wannan yanki.

Sai matar ta tambaya da Faransanci: ana shiga da kare?

Na ce bari in tambaya. Na koma bayan shago da waya, wallahi ina jin kunya kamar zan roƙi bashi. Na ce, "Inna, ina da baƙi daga Kwatano, amma fa akwai kare tare da su." Na zaci za ta yi salati. Sai ta ce, "Alhaji, an yi masa allura?" Na ce wace allura? Ta ce ta hauka. Ta ce bara waccan wani yaron Fulani da ke kawo mata nono kare ya cije shi a ƙafa, aka sa magani a gida ciwon ya warke, bayan wata biyu ya fara tsoron ruwa, bai kwana bakwai ba ya rasu. "In da takardarsa su zo. Amma ba ya hawa tabarmata, ba ya cin abinci a kwanona, kuma a ɗaure shi nesa da zabina."

Takarda kuwa akwai ta. Matar ta ciro wani ɗan littafi daga jaka, da hoton karen a ciki da hatimin likitan dabbobi. Ni da ke da jikoki biyu da ban tabbata katin rigakafinsu na nan ba, sai na yi shiru.

Bari in faɗi gaskiya game da kaina. Ba na son kare. Haka na tashi. A gidanmu in kare ya shinshini tulu sai a zubar da ruwan, in ya goge ka sai ka sake riga. Amma kuma a garin nan da na taso, babu gonar rani da ba ta da kare, babu rugar da za ka doso ba a yi maka haushi ba, kuma maharbanmu da karnuka suke shiga daji. Wato kare na da wurinsa a rayuwarmu, wurin dai ba cinya ba ne, ba kuma kusa da akushi ba.

Muka isa wajen azahar, ni da ɗana na biyu wanda ya yi lakwal, da baƙin. Tsohuwar ta nuna wata bishiyar kaɗanya, aka ɗaure karen a inuwarta, ta sa jikanta ya kawo masa ruwa a gwangwanin tumatir. Nata karnukan biyu, irin jajayen nan na ƙauye masu tsayayyun kunnuwa, suka zo suka dube shi suka koma gindin murhu. A rumfar da ke kusa da mu akwai direbobi huɗu da wani dattijo mai carbi, da gani malami ne. Aka kawo zabi. Muka fara maganar kuɗi, kuma tana tafiya daidai, saura jika ɗaya a kan kowane buhu ya raba mu.

Karen ya fara kuka. Matar ta kasa cin abinci. Kafin in ankara ta tsame cinyar zabo ta sa a farantin da aka kawo mata, ta tashi ta kai masa gindin bishiya. Ya sa baki yana lasa.

Wani direba ya ture kwanonsa ya miƙe. "Haba Inna! Ashe da kare muke tarayya a kwano? Wannan ai wulaƙanci ne." Sauran suka ɗauka. Har da kalmomin da ba zan rubuta a mujallar da iyali ke karantawa ba. Baƙona ya juyo ya ce mini, me suke cewa?

To, nan ne na yi abin da har yau nake juyawa a raina. Na ce masa suna cewa ne ƙashin zabo na iya maƙale wa ƙaramin kare a wuya. Sannan na juya wajen direbobin na ce Madam ta ce a yi haƙuri, ba ta san al'ada ba. Alhali ba ta ce komai ba, tana can tsugune tana shafa kan karenta. Ƙarya biyu cikin numfashi ɗaya, ga ɗana zaune yana jin harsunan duka biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ni ko ladan ban karɓa ba tukuna.

Dattijon nan ne ya kashe wutar. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi direban wane littafi ya karanta. Ya ce a mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha ruwa a ciki bin umarni ne kawai, ba don ƙazanta ba. Shafi'awa ne ke ɗaukarsa najasa mai nauyi, su wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Ya ƙara da cewa Risala ta hana ajiye kare a gida sai don gona ko kiwo ko farauta, saboda haka shi ba ya yabon ɗaukar kare a cinya. "Amma wannan hukuncinmu ne, ita ba da shi ta tashi ba. Ƙyama daban, haramci daban. Zauna ka ci abincinka." Direban ya zauna yana ƙunƙuni. Ni kaina ranar na fara jin wannan bambanci, da furfurata.

Ita kuwa tsohuwar ba ta shiga gardamar malamai ba. Ta jira kare ya gama, ta je ta ɗauki farantin da yatsa biyu, ta ɗauraye shi a gefe da ruwan buta, ta kawo ta ajiye gaban baƙona. Ta ce da ni, "Alhaji, gaya masa yadda na faɗa, kada ka gyara. Na kafa sharaɗi uku an karya ɗaya. Wannan faranti ya zama na karensu, kuɗinsa na cikin lissafi. Ni ba don najasa ba, don waɗannan mutanen da ke cin abinci wurina kullum. Su baƙi yau za su tafi."

Kada ka gyara. Ashe ta lura. Na fassara kalma da kalma, gabana na faɗuwa, ina ganin buhunana suna ruɓewa a ido. Mutumin ya yi jim, ya dubi matarsa, ya tambaye ni ko an gaya mini sharuɗɗan tun farko. Na ce an gaya mini. Ya ce me ya sa ban gaya musu duka ba? Gaskiya ne, na faɗa musu zancen takarda da ɗauri, na haɗiye na kwano don kada su ji an raina su. Laifin nawa ne, kuma a gaban kowa na amsa shi.

Matar ta tashi ta je wurin tsohuwar ta ɗan durƙusa irin na mutanen kudu, ta ce pardon Maman. Wannan karon ba a nemi tafinta ba. Ya biya kuɗin abinci da na faranti, ya kuma biya wa direbobin nasu. Biyu suka karɓa, mai ture kwano ya ƙi.

Jikar nan da ta raba mu, a mota muka raba ta biyu. Ya kwashe kayan washegari, na biya masu kuɗi, abin da ya rage mini bai taka kara ya karya ba amma ban ci bashi ba. Har yanzu muna ciniki, sai dai ta waya ya fi yawa.

Da dare ɗana ya same ni a tsakar gida ya ce, "Baba, da tsohuwar ba ta hana ka ba, da na ukun ma gyarawa za ka yi?" Na ce masa ya je ya rufe shago. Ya tafi yana murmushi, na kuwa san ya ba uwarsa labari, domin da safe da ta kawo mini koko sai ta tambaye ni ko a kawo wa baƙona nasa a gwangwani.

Farantin ba su tafi da shi ba, sun manta shi. Da na koma wurin bayan sallar layya na gan shi rataye da igiya a reshen kaɗanyar nan. Na tambayi tsohuwar, ta ce tun daga ranar baƙi biyu sun zo da karnuka, wani ma'aikacin auduga daga Kandi da wani soja, kuma dukansu sai da ta nemi takarda. Na sojan ba shi da ita, a mota ya jira.