Ruwa Ba Ya Zafi Banza

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan karin magana ya girmi famfo da tanki, amma shi ne ƙa'ida ta farko ga wanda ruwan gidansa ya sauya hali: a nemi dalili kafin a ɗauko sifana.

Mu mutanen Bunkure ruwa ba baƙonmu ba ne. Bayan kammala madatsar Tiga a 1974, kanal-kanal suka ratsa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya zauna da gindinsa, shinkafa da alkama da tumatir suka zama abin tinƙahonmu. Wannan ruwan gona ne. Ruwan gida kuwa daga rijiya yake zuwa randa, har lokacin da burtsatse ta shigo. A gidanmu an haƙa ta, aka haɗa mata inji mai aiki da hasken rana, aka ɗora baƙin tankin roba a bisa ƙarafa, aka ja bututu ta kan katanga zuwa tsakar gida da banɗaki. Daga baya aka ƙara hita a banɗakin Hajiya, mahaifiyata, saboda wankan hunturu.

Hajiya na fama da ciwon suga, kuma ciwon ya rage mata jin zafi da sanyi a ƙafafu. Wata rana cikin watan Afrilu ta tari ruwan alwalar azahar a famfo. Jikarta ta zo ɗauke butar, ta sake ta da sauri tana yarfe hannu. Da muka duba, bayan ƙafar Hajiya ya yi jawur, ita kuwa ba ta ji komai ba. Duk wanda ya yi jinyar mai suga ya san ƙaramin ciwo a ƙafa yakan ɗauki watanni bai warke ba. Ruwan da ya kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana iya ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro da ta tsoho kuma sun fi saurin salewa.

Mai gyaran famfo na shigowa ya yanke hukunci: “Malam, hitar ce, a sayo sabuwa.” Zarginsa yana da tushe. A cikin hita akwai na'urar ƙayyade zafi, wadda ke katse wuta idan ruwa ya kai matakin da aka saita. Idan ta lalace, ruwan zai yi ta zafi har ya riƙa fita da tururi. Sai dai alamar wannan a fili take: ɓangaren zafi kaɗai zai shafa, kuma babu ruwansa da safiya ko maraice. Muka kashe hitar kwana biyu, amma famfon tsakar gida, wanda bututunsa bai ko bi ta kusa da ita ba, ya ci gaba da zubo ruwan da hannu ba ya jimirinsa.

Sai muka koma kallon agogo. Da asuba ruwan lafiya lau. Da hantsi ya yi ɗumi. Daga azahar zuwa la'asar ba ya taɓuwa. Muka kuma lura cewa bokitin farko ya fi kowanne zafi, na biyu da na uku su ɗan sassauta, amma ba su yin sanyi. Wannan ya raba laifin gida biyu. Bokitin farko ruwan da ya kwanta a bututun kan katanga ne, ɗan kaɗan, rana ta gasa shi. Sauran daga tanki suke. A bazara zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40 a inuwa, baƙin abu kuma zuƙe hasken rana yake, don haka ruwan cikinsa yakan zarce zafin iskar da ke kewaye.

Gyaran bai kai rabin kuɗin hita ba. An sauko da bututun aka binne shi a ƙasa. An yi wa tankin rumfar zana, aka bar tazara don iska ta ratsa. Hitar kuma aka bar ta a digiri 60, domin ruwan da aka ajiye da ɗumi-ɗumi gidan ƙwayar Legionella ne, mai kama huhu. Maganin zafinta a wurin zubowa yake, ba a cikin tukunyarta ba.

A nan ne harshe ya riga makaniki. Turai suna da bawul da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi kafin ya iso hannu. Hausa tana da fi'ili guda na wannan aiki: surkawa. Uwa na surka wa jariri ruwan wanka, ta tsoma hannu, ta ƙara, ta sake tsomawa. A cikin kalmar akwai awo, akwai kuma kula da wanda za a zuba wa. Haka randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, ya tafi da zafi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Tankin roba ba ya tsattsafo, shi ya sa ba ya huce kansa.

Abin da famfo ya rage mana shi ne hannun da ke shiga tsakanin ruwa da mai amfani da shi. A da sai wani ya ɗebo, ya taɓa, ya miƙa. Yanzu an mayar da randa gindin darbejiya, ana cika ta da asuba, daga ita ake ɗiban ruwan alwalar rana. Ƙa'idar gidan kuma ɗaya ce, har yara sun haddace ta: ba a miƙa wa Hajiya buta sai mai miƙawa ya fara zuba ruwan a bayan hannunsa.