Makullan Na Hannunmu

Mu uku ne, tare muke tun ajin farko a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa hawa dandali. Sana'armu rubuta manhaja. Daga ɗakunanmu a Kaduna muke yi wa kamfanoni aiki, wasu a Legas, wasu a ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Tikiti ne ya haɗa mu da ƙungiyar wasan kwaikwayon da za mu ba ku labarinta. Mun je kallo wani dare, muka tarar da wani yaro a bakin ƙofa da littafin makaranta mai layi, yana rubuta sunan duk wanda ya biya, layi kuwa har bakin titi. Bayan an tashi muka nemi shugaban, muka ce za mu yi musu shafin intanet da tsarin sayar da tikiti kyauta. Daga nan aka shiga miƙo mana sauran: imel ɗin ma'aikata, ma'ajiyar bidiyo, shafin Facebook, guruf ɗin WhatsApp, har da teburin lissafin kuɗi. Kafin shekara ta zagayo, duk wata kalmar sirri ta ƙungiyar tana hannunmu.

Shugaban, Malam muke ce masa, a Samaru ya yi karatu, a shirin wasan kwaikwayon da Michael Etherton ya fara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975. A dandalin nan na laka ya koyi aiki, ya kuma taso da aƙidar wurin: wasa ba ya zaman jiran 'yan kallo, ɗaukarsa ake yi a kai kasuwa, a kai tasha, a kai ƙofar gidan mai unguwa, mutane su ga matsalarsu da idonsu, su sa baki. In ya fara labarin zamanin Samanja da Ƙasimu Yero, lokacin da unguwa guda ke taruwa gaban talabijin ɗaya, sai dare ya raba ba mu sani ba. Fiye da shekara ashirin ya riƙe ƙungiyar da aljihunsa da bakinsa. Ba ya cin kuɗin kowa, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma fa bai san rasit ba, kuma duk wanda ya tambaye shi rasit, gani yake an zage shi.

Bayan kullen korona na 2020, da dandali ya yi watanni a rufe, dole ta sa aka nemi tallafi daga wata gidauniya ta ƙasar waje. Su kuma masu tallafi ba sa zuba kuɗi a asusun mutum ɗaya. Sai an yi rajista da hukumar CAC a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, sai an naɗa amintattu. Malam da kansa ya zaɓo su: wata Hajiya da ta yi ritaya daga banki, da lauya, da likita, da wani tsohon babban sakatare. A ransa manyan baƙi ya gayyato, waɗanda za a ba kujerar gaba ranar buɗe wasa. A doka kuwa, daga ranar da takardar rajista ta fito, amintattun nan su ne masu riƙe da suna da dukiyar ƙungiya, su za a kai ƙara, su za su amsa tambaya. Ya sa hannu bai karanta ba, kamar yadda mu ma muke danna "na amince" a waya.

Rigimar ta taso ne a 2023. An rubuta kasafin tallafin da naira lokacin da litar fetur ba ta kai 200 ba. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, cikin kwanaki lita ta haura 500. Kuɗin hayar bas zuwa ƙauyuka ya ninka, janareta ya koma cin abin da ya fi ƙarfinsa. Malam ya yi abin da ya saba: ya ɗebo daga kason buga littattafai ya sayi mai, ya ɗebo daga kason horo ya biya kuɗin asibitin matar wani ɗan wasa da haihuwa ta zo mata da gardama. Bai nemi izinin kowa ba. Gidauniya ta ga rahoto bai daidaita ba, ta riƙe kaso na biyu. Kuma a teburin lissafin da muka gina da hannunmu Hajiya ta ga giɓin, domin mun tsara shi yadda duk layin da ba shi da rasit zai koma ja. Lokacin da muka yi wannan dabara har tafa hannu muka yi da juna.

Ba za mu gajiyar da ku da tarukan ba. An yi su da yawa, an tashi baram-baram a mafi yawansu. Hajiya na cewa sunanta ne a takarda, in EFCC ta zo ba Malam za ta fara nema ba. Malam na cewa lokacin da ake bin ƙauyuka a bayan akori-kura, ina amintattun suke? Kowa da gaskiyarsa, shi ya sa abin ya ƙi ƙarewa. Ma'aikata suka rubuta takardar goyon bayan Malam, mutum bakwai suka sa hannu. Mu dai muka ce ba ruwanmu. Masu waya da kwamfuta ne mu, duk wanda ya kira mu gyara za mu yi masa.

Wata Laraba bayan isha'i Hajiya ta kira. "Samarina, kuna tare?" Muka ce, "Muna jin ki, ranki ya daɗe." Ta ce amintattu sun yanke shawarar dakatar da Malam, a kuma sallami mutum biyar, saboda kuɗin albashi ya ƙare. Ta karanto sunayen. Duk biyar ɗin suna cikin bakwai ɗin da suka sa hannu. Ta ce a rufe imel ɗinsu a cire su daga guruf kafin gari ya waye, kada wani ya kwashe takardu. Ɗayanmu ya ce, "An sanar da su?" Ta ce takardu suna wurin lauya, gobe za a raba.

Mun yi kusan minti ashirin muna shawara bayan ta kashe waya. Abin kunya, duk shawarar a kan hanya ce: a goge asusun ne, ko a dakatar? Gogewa na iya tafiya da fayiloli, dakatarwa kuwa ƙofa kawai take rufewa, kaya na nan ciki. Muka zaɓi dakatarwa, muka ji kamar mun yi adalci. Babu wanda ya ce mu kira ta mu ce a bari sai takarda ta isa hannun mutane tukuna. Awa goma sha biyar kacal za mu roƙa, kuma da wuya ta ƙi, don ba ta san inda ake dannawa ba.

Ba kuma rashin sani ba ne. A Nuwamban 2022, bayan Elon Musk ya sayi Twitter, da ya sallami kusan rabin ma'aikata, da yawansu sun gane an kore su ne da kwamfutar aiki ta ƙi buɗewa, kafin ma saƙo ya iso. Har 'yan ofishin Accra, wanda bai daɗe da buɗewa ba, abin ya shafa. Mu ukun nan mun yi ta la'antar wannan rashin mutunci a shafukanmu, mun sha tafi. Da namu ya zo, aikin bai kai minti huɗu ba.

Tsarin imel yana ajiye rajistar komai: wa ya yi me, ƙarfe nawa. Tana nan har yau. Akwai sunan ɗayanmu a layi biyar, ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in na dare. A ƙasa kuma akwai Anti, mai kula da fage, wadda ta fi kowa sanin wa zai shigo ta ina a kowace fitowa. Bayan sallar asuba ta gwada shiga don ta fitar da jadawalin atisaye. Sau shida. Sannan ta kira. "Ƙanena, imel ɗina ya ƙi buɗewa, ko sabis ne?" Aka ce mata, "Bari mu duba, Anti." Wanda ya faɗi haka a cikinmu ba za mu ware shi ba, don sauran biyun muna kan layi, mun ji, mun yi shiru.

Baba mai fitila ba shi da imel. Shi daga guruf aka cire shi, kuma WhatsApp ba ya rufa asiri: yana rubuta wa kowa cewa wane ya cire wane. Mutum arba'in da wani abu suka gani kafin shi. Jikansa ne ya karanta masa. Duk da haka ya ɗauki kekensa ya zo, ya hau tsani ya daidaita fitilu don atisayen safe, domin a cewarsa babu wanda ya tsaya gabansa ya ce masa kada ya zo. Sai bayan azahar yaron lauya ya kawo ambulan.

A nan ne laifin Malam ya fito fili, kuma sai an faɗa. Baba ya shekara goma sha tara yana wannan aiki, ba shi da ko layi ɗaya a rubuce da ke nuna ma'aikaci ne. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki. Malam bai taɓa ba kowa ba, yana cewa ai 'yan uwa ne, takarda ta baƙi ce. Zumuncin ya ciyar da su shekaru, ba ƙarya. Amma ranar da iko ya bar hannunsa, zumunci bai da lamba a fayil ɗin lauya. Dokar ta ce wanda ya kai shekara biyar a aiki a ba shi sanarwar wata ɗaya, ko kuɗin watan a madadinta. Abin da aka sa wa Baba a ambulan ke nan, ba ƙari. Anti ta yi maganar kotun ma'aikata, ta lissafa kuɗin lauya da zirga-zirga, ta haƙura.

Malam bai jira ƙarshen dakatarwa ba, ya fita, 'yan wasa suka bi shi kusan duka. Yanzu a filin wata firamare suke atisaye bayan la'asar, ba suna, ba asusu. Amintattu kuma suna da suna da asusu da janareta da akwatunan sutura, amma ba a sake ɗaga labule ba. Malam ya aiko a ba shi shafin Facebook da bidiyoyin wasanninsa. Muka ce a doka na ƙungiya ne, ba mu da iko. Ya kira da kansa, bai yi faɗa ba. "Ku ma, 'ya'yana?" Hajiya a nata ɓangaren tana zargin muna kai masa rahoto. Kowane wata sai ta tuna mana a goge asusun nan biyar, mu kuma mu ce sai mako mai zuwa.

Da ƙaramar sallar da ta wuce muka yi ƙarfin hali muka je gaida Baba. Yana gyaran fanka da dutsen guga a wata rumfa kusa da gidansa. Mun shirya jawabin neman gafara a mota, ya katse mu tun ba mu yi nisa ba, ya ce bawa ba ya wuce rabonsa, ya aika a sayo mana lemo. Abu ɗaya ya roƙa: akwai wani wasa da suka yi a kan rikicin manoma da makiyaya, inda ya haɗa hasken asuba da fitila uku da ledar shuɗi. Bai taɓa ganinsa daga wurin 'yan kallo ba, kullum yana sama a kan tsani.

Bidiyon na ƙungiya ne, amsar da muka ba Malam ke nan. Washegari muka zuba shi a memori muka kai masa. Ya sa tabarau, ya riƙe wayar jikansa da hannu biyu, ya yi ta kallo bai ce komai ba har aka zo wurin. Sai ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya ɗora yatsa a gefen gilashin, ya ce, "Kun gani? Shuɗin ya makara. Yaron da ke kan janareta ne ya yi gyangyaɗi."