Wayar da Muka Haɗa da Jikin Ƙarfe

A shekararmu ta ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha, mu uku muka karɓi gyaran wata tsohuwar amfilifaya ta wani dattijo mai hayar lasifika a unguwarmu. Irin ta da ce, mai bawul, waɗannan kwalaben da ke ja kamar garwashi idan sun yi zafi. Ɓera ya cinye wayoyinta. Muka ce masa, "Baba, kwana biyu ya ishe mu."

Kwalbar da ke mayar da wutar AC zuwa DC ita ce 5U4G. Zaren da ke ɗumama ta yana cin bolt 5 da amfiya 3, sauran kwalaben kuwa bolt 6.3 suke ci, kowanne da nasa naɗin a taransifoma. Muka murɗe wayoyin biyu-biyu don rage gunjin nan da ke fita a lasifika, muka haɗa tsakiyar naɗin 6.3 da jikin ƙarfen na'urar. Duk daidai. Sai muka ce ai ɗumi ɗumi ne, muka kai ƙafa ɗaya ta naɗin bolt 5 ita ma jikin ƙarfen.

Muna kunnawa kwalbar ta yi walƙiya, fiyus ya ƙone.

Abin da muka manta, kuma yana cikin littafin da muka haddace don jarrabawa, shi ne a 5U4G zaren ɗumin nan shi ne katod ɗin kansa. Daga ƙafarsa ta 8 ake ɗaukar babbar wutar na'urar, ɗaruruwan bolt. Dalilin ware masa naɗinsa ke nan, ba a barinsa ya taɓa komai. Da EZ81 ce, wadda katod ɗinta ke rabe da zaren, da ta sha daga 6.3 tare da saura lafiya lau.

Da Baba ya zo, bai yi faɗa ba. Ya sunkuya ya shinshina taransifomar, ya daɗe, don ya san idan ta ƙone ba a samun irinta a kasuwa, kuma da ita yake ciyar da gida. Ya ɗago ya ce, "Ba ta yi ƙauri ba. Ku cire wannan wayar, kuma ku sauke wutar kondensa kafin ku sa hannu."

Kwalbar dai ta mutu. Kuɗin alawus ɗinmu muka haɗa, aka yi mako uku kafin a samo wata a wurin wani mai gyaran rediyo, kuma Baba ya rasa hayar biki biyu a tsakani.