Injin da Ke Cijewa a Tsakiyar Kogi

Mu mutanen Birnin Gwari ruwanmu bai wuce kogin Mariga da madatsar Bagoma ba, injin da muka sani kuwa na babur ne da na ban ruwa. Idan ya mutu, sai a tura shi gindin bishiya. Sai da na bi ta Tegina da Kontagora na sauka Yelwan Yawuri, na ga wurin da inji ke mutuwa babu gindin bishiyar da za a raɓa.

A bakin kogin Neja na tarar da wani dattijon bakanike, an kawo masa injin jirgin ruwa ƙirar Yamaha. Mai shi ya ce lafiya lau yake tashi, amma da an yi lodin buhuna an ba shi wuta sai ya cije, igiya ma ba ta jawuwa, in ya huce kuma ya tashi. Na zaci kan injin zai kwance. A'a, farfela ya fara dubawa, domin tsohuwar koma kan naɗe ta har a ɗauka injin ne ya buga. Da ya ga ba komai, ya tayar da shi a ruwa, ya tara hannu a inda yake tsartar da ruwan sanyaya shi. Ɗigo ne kawai.

"Baba, wannan ne ciwon?"

"Shi ne, yaro. Ba ya shan ruwa."

Ya kwance ƙafar injin ya zaro 'yar robar da ke tura ruwa sama, yashi ya cinye fikafikanta. Wani lokaci leda ce ko kainuwa ke toshe ƙofar ruwan. Babu kaya, zafin bai kai ya kawo ba. Da nauyi ya hau, fistan ya kumbura ya kama bangon silinda. Ɗaya musabbabin shi ya fi ci mini rai. Irin wannan inji da baƙin mai ake gauraya masa fetur, galibi kashi 1 cikin 50, amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wasu matuƙa ke tsuke hannu, ko su zuba kowane mai suka samu. Abin da aka rage a galan, a tsakiyar ruwa ake biyansa.

Tafkin Kainji da ke kan wannan kogin, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, ba ya yafe ganganci. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kusa da Wara, ƙaramar hukumar Ngaski, kuma lodin da ya wuce ƙima na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Jirgi mai irin wannan nauyi, in injinsa ya tsaya ana iska, sai yadda igiyar ruwa ta yi da shi.

Dattijon bai sallami injin ba sai da aka ɗora kaya aka zaga da shi. Ɗan'uwa, in tafiya ta kai ka can, dubi bayan jirgi kafin ka zauna. In ruwan ba ya tsartuwa, ko an ƙi ba ka rigar ruwa, jira na gaba.