Hannun hagu na Kawu

Ɗan'uwa mai karatu, in wuta ta taɓa ka, ina kake jin zafi? Za ka ce a fata. Ni ma haka na ɗauka, sai da ciwo ya kama kawuna.

A daminar 2022 hawan jini ya kayar da shi a gona. Bayan wata biyu ya fara takawa da sanda, muka yi hamdala. Ashe da sauran magana.

Ran nan muna shan shayi, sai na ji ƙauri. Na duba, ga hannunsa na hagu jingine da murhun gawayi, shi kuwa yana ta hira abinshi. Na ce: «Kawu, hannunka!» Ya dubi hannun, ya ce: «Ɗana, wannan na wane ne?»

Mutanen gida suka ce iska ce. Ni dai na kai shi gidan likita. Lokotoro ya sa shi ya rufe ido. Ya taɓa hagu, Kawu ya ji kaɗan-kaɗan. Ya taɓa hannu biyu lokaci guda, Kawu ya ce dama kaɗai aka taɓa. Ya sa mishi makulli a tafin hagu, ya juya, ya juya, bai gane ko mine ne ba.

Ga abin da lokotoron ya gaya mini. Fata ɗan aike ce kawai. Jijiyoyi ke kai saƙonta ƙwaƙwalwa, can ake jin taɓi da zafi da sanyi. Kuma hanyoyin sun gitta juna: ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke kula da hagun jiki. Jijiyar jini ta toshe a damar ƙwaƙwalwar Kawu, wurin ya lalace. Saƙo yana zuwa, mai karɓa ne ba ya nan sosai. Shi ya sa har tuwo ma gefen dama na akushi yake ci, ya bar na hagu.

Yanzu mu ne masu gadin hannun. Ruwan wanka, sai an gwada da hannu mai lafiya. Murhu yana zama nesa da shi. Da dare matarsa tana duba hannu da ƙafa, ko akwai ƙuna ko ƙaya. In zan gaishe shi, ta hagu nake zama, in kama hannun, in ce ya dube shi.

Makon jiya na murza mishi yatsa. Ya yi shiru, sannan ya ce: «Kamar babban ne.» Babban ne kuwa.